Filin Tambayoyin Fasaha: "Na sha wahalar rubuta kod, ina danna sebin aka ce in sake shiga"

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da wannan mako. Saƙonni da yawa da suka shigo min wannan karon kuka ɗaya ne, mutum ya zauna ya zuba kod a cikin burauza, ya zo ajiyewa sai a ce masa seshon ɗinsa, wato izinin zaman da shafi ya ba shi bayan login, ya ƙare ya sake shiga, yana shiga ya tarar wayam. Shi ya sa na tattara masu kama da juna na haɗa su wuri ɗaya. Masu tambayar batir da caja ku yi haƙuri sai fita ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Salam Malam, don Allah a taimaka min wlh raina a ɓace yake. Ina kula da websait ɗin wani shagon kayan ɗinki ne, jiya bayan isha'i na buɗe editan da ke cikin hostin ɗina ina gyara wani fayil na PHP, na fi awa biyu ina fama har Allah ya sa na gano inda matsalar take, a tsakiyar aikin datata ta ƙare na jona da hotsfot ɗin ƙanina, ina gamawa na danna sebin kawai sai ga shafin login, na sa faswod na koma na tarar da fayil ɗin yadda yake tun farko ko layi ɗaya bai shiga ba. Akwai yadda za a dawo da shi? Kuma ta yaya za a ce ba na komai alhali hannuna bai bar kibod ba? Daga wani matashi, Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, sannu, Allah ya mayar da alheri. Bari in fara da wadda ba za ta yi maka daɗi ba, in har ka riga ka rufe tab ɗin to wancan rubutun ya tafi, kamfanin hostin ma ba su da shi don bai taɓa isa wajensu ba. Zauna ka sake rubutawa tun abin bai bar kanka ba, za ka ga awa biyun nan yawancinta neman matsalar ne ya cinye, gyaran kansa ba zai kai haka ba.

Abin da mutane ba su cika ganewa ba shi ne lokacin da kake rubutu a cikin akwatin nan sabar, wato kwamfutar kamfanin hostin da websait ɗinka yake zaune a kanta, ba ta san kana yi ba. Haruffan da kake bugawa a cikin kwamfutarka suke zaune, a cikin tab ɗin nan kaɗai, babu abin da ya tafi ko'ina sai ka danna sebin. Kamar ka shiga ofis ka turo ƙofa kana ta aiki shiru ne, maigadi yana waje bai ji motsinka ba, ya duba agogo ya ce ai wannan ya daɗe da tafiya, ya datse get ya kama gabansa. Sabar ba ta ƙirga wahalar da kake sha, abin da take dubawa kawai yaushe rabon burauzarka ta yi mata magana.

Da ka sa faswod, sabar tana ba burauzarka wata doguwar lamba ta ajiye a cikin abin da ake kira kuki, ita ma ta rubuta a nata ɓangaren cewa mai wannan lamba wane ne. Wannan rubutun nata shi ne seshon, kuma yana da wa'adi. A PHP misali in ba a taɓa saitin ba sakan 1440 ne, wato minti 24, kuma shi ne adadin da masu amfani da phpMyAdmin, manhajar kula da rumbun bayanan websait, suka saba gani idan ya kore su. Sharar tsofaffin seshon ɗin kuma ba kamar ƙararrawar makaranta take ba, wani lokaci sai an yi dace take bi ta kanka, shi ya sa yau ka yi awa guda lafiya lau gobe kuma rabin awa ta ci ka, sai ka ɗauka aljanu ne.

Amma kai a naka ina zargin ba ma lokaci ne ya ci ka ba, canjin layin nan ne. Ƙananan hostin da muke saya galibi cPanel suke bayarwa, wato shafin da kake sarrafa hostin ɗinka daga ciki, shi kuma yana ɗaure seshon da adireshin IP ɗin da ka shigo da shi, wato lambar da layin intanet ɗinka ya ba ka, don ko ɓarawo ya sace kukinka ba zai iya amfani da shi daga wani wuri ba. Kana sauka daga layinka ka hau na ƙaninka adireshin ya canza, a wajensa kai baƙo ne. Kuma a datar waya ko ba ka canza layi ba, netwok ya ɗauke ya dawo ko ka kunna yanayin jirgi ka kashe, ana iya ba ka sabon adireshi. Saitin sassauta wannan yana hannun kamfanin hostin ne ba hannunka ba, kana iya roƙonsu, amma ni ban cika ba da shawarar haka ba, garin neman gira kar a rasa ido.

To ga abin yi ranar da ta sake faruwa. Idan saƙon ya fito alhali rubutunka yana nan kana ganinsa, ɗauke hannunka daga kan maus tukuna. Kar ka yi rifresh, kar ka danna inda aka ce sake shiga, kar ka rufe komai. Danna cikin akwatin kod ɗin har ka ga sandar rubutu tana ƙiftawa a ciki, sannan Ctrl+A, Ctrl+C, buɗe Notepad ka manna. Na ce a danna ciki ne don editocin nan layukan da ke gabanka kawai suke zanawa a allo, in ka kwafa daga waje sai ka kwaso layi talatin da sunayen maɓallai ka bar sauran. Ka gangara ƙasan Notepad ɗin ka tabbatar layin ƙarshe ya zo, sai ka je ka yi login ɗinka hankali kwance. In kuma ya riga ya jefa ka shafin login, gwada kibiyar komawa baya sau ɗaya kafin ka sa faswod, wani lokaci burauza tana riƙe da shafin yadda ka bar shi, wani lokaci kuma babu.

Ni dai hannuna ya riga ya saba, in na wuce minti goma ina rubutu a burauza to Ctrl+A da Ctrl+C nake fara dannawa kafin sebin, kamar yadda mutum yake shafa aljihu ya ji makulli kafin ya ja ƙofa. In Windows 10 ko 11 gare ka danna maɓallin Windows tare da V ka kunna tarihin kwafi, zai riƙe maka abubuwa 25 na baya. Amma maganar gaskiya aikin awa biyu bai kamata a yi shi a wannan akwatin ba sam, an yi shi ne don gyaran layi ɗaya ko biyu. Sauke fayil ɗin, gyara a VS Code ko Notepad++ a kan laftof ɗinka, ka mayar da shi hostin ta manhajar tura fayil ta FileZilla, ga shi kana da tsohon kwafi in sabon ya fasa shafin.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Wani ya ce min in seshon ya ƙare in buɗe sabon tab in yi login, sai in dawo tsohon in danna sebin zai shiga. Gaskiya ne? Sannan ni WordPress nake amfani da shi, na ɗauka ai shi yana ajiyewa da kansa. Daga wata 'yar'uwa, Kaduna.

AMSA: Lafiya lau Hajiya. Dabarar tana ci a wasu wuraren, don duk tab ɗin da ke burauza ɗaya kuki ɗaya suke amfani da shi, to sabon login ya shafi tsohon tab. Inda take faɗuwa shi ne shafukan da suke ɓoye wata lambar tsaro ta biyu a cikin fom ɗin, wadda take mutuwa tare da tsohon seshon. A cPanel ma a fili take, duba adireshin sama za ki ga cpsess da lambobi a bayansa, kowane login da nasa. Don haka gwada, amma sai bayan kin kwafe rubutun, ba kafin ba.

Batun WordPress kuma rabi ne gaskiya. Wajen rubuta labari yana ajiyewa duk sakan 60, kuma tun fitowar 3.6 a 2013 in seshon ya ƙare ƙaramar tagar login yake ɗoro miki a kan shafin ba tare da ya kore ki ba. Amma wajen gyara fayilolin jigo, wato theme mai tsara kamannin shafin, inda ake taɓa functions.php da style.css, babu mai ajiye miki komai. Login ɗinsa kwana 2 yake yi, in kin yi alama a akwatin "tuna da ni" ya kai kwana 14. Kuma tunda mun zo nan, duk gyaran da kika yi kai tsaye a fayilolin jigo ranar da aka sabunta jigon zai shafe, wannan ma wata asarar ce da ba ruwanta da seshon, ki nemi yadda ake yin ɗan jigo wanda yake gādo daga babban ki riƙa zuba gyaranki a can.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina aji huɗu ina furojet a kan gane cutar ganyen tumatir daga hoto, da Google Colab nake yi don laftof ɗina ba ta da ƙarfi. Na ɗora hotuna na bar model yana tirenin na kwanta, da asuba na tarar ya katse, kod ɗina yana nan amma hotunan da model ɗin duk babu. A wani guruf an ba ni ɗan kod wai in manna a burauza zai riƙa danna shafin da kansa don kar ya katse, in yi? Daga wata ɗaliba, Sakkwato.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba da sa'a. A Colab abu biyu ne kike gani kamar ɗaya. Akwai littafin da kike rubuta kod a ciki, shi yana zaune a Google Drive ɗinki shi ya sa kika same shi. Akwai kuma kwamfutar da Google suka ara miki take gudanar da kod ɗin, ita aro ce, in kin daɗe ba ki taɓa ba za su karɓe, kuma a na kyauta ko kina zaune a gabanta iyakarta awa 12, sau da yawa ma ba ta kaiwa, musamman in kin ɗauki GPU, na'urar da ke hanzarta tirenin. Suna karɓa suke goge ta tas su ba wani, duk abin da ke foldar /content ya tafi, har manhajojin da kika girka da pip.

Wancan kod ɗin na guruf ni ban yarda da shi ba. Ba zai hana iyakar awa 12 ba, ba zai hana netwok ɗaukewa ko batir mutuwa ƙarfe biyun dare ba, kuma ki daina manna kod ɗin da ba ki san abin da yake yi ba a shafin da kike ciki da akawun ɗinki na Google, ta haka ake kwashe wa mutane akawun.

Maimakon ki hana ta katsewa, shirya aikin yadda ko ta katse ba ki yi asara ba. A sel na farko ki jona Drive da drive.mount, hotunan su zauna can a dunƙule cikin zip, duk sanda kika fara ki kwance su zuwa kwamfutar aron don karatu daga Drive ɗaya bayan ɗaya yana da nawa. Sannan ki sa model ya riƙa ajiye kansa a Drive bayan kowane zagaye, a Keras akwai ModelCheckpoint, a PyTorch kuma torch.save, ki sa lambar zagayen a sunan fayil ɗin. In ya mutu a zagaye na 17 da asuba ki ɗauko na 16 ki ɗora daga nan. Abu ɗaya kuma da yake cin ɗalibai, in littafin na wani ne kika buɗe daga GitHub ko aka turo miki link, gyaranki ba ya shiga ko'ina sai kin ajiye kwafinki a Drive, ki fara yin wannan kafin ki buga ko harafi ɗaya.

TAMBAYA: Oga ni a waya nake koyon HTML da JavaScript, ba ni da kwamfuta. Matsalata ina cikin rubutu in na leƙa WhatsApp ko na amsa kira, ina dawowa Chrome sai shafin ya sake lodi komai ya goge. Seshon ne shi ma? Daga Maradi.

AMSA: A'a ɗan'uwa, wannan wayar ce da kanta. Android in ya ga wuri ya yi masa kaɗan sai ya kashe abin da ke baya ya ba na gaba, wayar da ke da RAM giga 2 ko 3 kuwa ba ta da kawaici, kana buɗe bidiyo a WhatsApp ta sallami tab ɗinka. Babu saitin da zai hana wannan gaba ɗaya. Sauke manhajar da take ajiye fayil a cikin wayar, irin Acode, ka rubuta a can ka duba sakamakon a burauza, ba ta ma cin data. In dole sai a shafin koyon za ka rubuta, kwafe kafin ka fita, a Gboard, kibod ɗin Google na waya, kunna allon kwafi, amma ka sani bayan awa ɗaya yake zubarwa sai wanda ka maƙale.

Masu laftof ma kar su yi dariya, tun ƙarshen 2022 Chrome ya zo da tsarin tanadin ƙwaƙwalwa da yake kwantar da tab ɗin da aka daɗe ba a leƙa ba. A saitinsa akwai wajen da za ka rubuta shafukan da ba ka so a taɓa, sa editanka a ciki.

TAMBAYA: Malam Codespaces ɗina yana tsayawa in na tashi sallah na ɗan daɗe, aikina yana cikin haɗari? Daga Jos.

AMSA: Codespaces kwamfutar aro ce ta GitHub da ake rubuta kod a kanta ta burauza, kuma tsayawa ba gogewa ba ce. Bayan minti 30 babu motsi yake tsayawa, kana iya ɗagawa har minti 240 a saitin GitHub, sai dai awanninka na kyauta ne suke ƙonewa yana zaune a banza. Fayilolinka suna nan in ka tayar da shi. Haɗarin yana gaba, wanda aka bari a tsaye kwana 30 ana share shi, da duk abin da ba ka tura ba. Kafin ka tashi yi git commit ka yi git push don aikin ya hau GitHub, shi kenan.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ina koyarwa a wata cibiyar koyon kwamfuta, na haɗa wa ɗalibaina shafi da Laravel inda suke rubuta kod su miƙa aikin gida. Kullum sai wani ya zo min da kuka wai ya danna miƙawa ya ga 419 aikinsa ya ɓace. Ina tunanin in mayar da seshon ɗin ya zama wata guda kowa ya huta, ya ka gani? Daga wani malami, Katsina.

AMSA: Malam Allah ya saka da alheri da wannan ƙoƙari. 419 ɗin nan Laravel ne yake cewa lambar tsaron fom ɗin ta mutu tare da seshon, wanda asalinsa minti 120 ne. Wata guda kam a'a, ɗalibanka kwamfutocin cibiya suke rabawa, na safe zai tashi bai fita ba na yamma ya zauna a akawun ɗinsa, an gudu daga gara an faɗa gidan zago. Masana tsaro na OWASP ma minti 15 zuwa 30 suke ba da shawara ga shafukan da ba su da haɗari sosai. Seshon ya mutu ba laifi ba ne, laifin shi ne ya mutu da aikin yaro a hannunsa, kuma raba waɗannan biyun aikinka ne kai mai gini.

Fara da mafi sauƙi, duk sanda ɗalibi ya tsagaita da rubutu na sakan ɗaya ko biyu, zuba abin da ke akwatin cikin localStorage, ma'ajiyar da ke cikin burauza kanta. Layi kaɗan ne na JavaScript, ba ya buƙatar netwok, yana ɗaukar kusan mega 5 wanda ya ishi aikin gida har ya yi yawa, ko wuta aka ɗauke kwamfutar ta mutu yana nan. In an sake buɗe shafin ka ga akwai ajiyayyen da ya fi na sabar sabunta, tambaye shi ko a dawo masa da shi. Amma sa lambar ɗalibin da ta aikin a sunan ajiyar, kuma ka goge ta da zarar an miƙa, in ba haka ba ka buɗe wa na yamma ƙofar satar amsa da hannunka. Kar kuma ka jira sai ana rufe shafi sannan ka ajiye, a waya sau da yawa burauza ba ta samun damar yin sallama, yi amfani da visibilitychange wanda yake tashi da zarar an bar tab ɗin.

Sai ka daina miƙa fom ɗin ta hanyar da take sauya shafi gaba ɗaya. Tura shi ta bayan fage da fetch na JavaScript, in sabar ta amsa da 401, wato ba a yi login ba, ko 419 bar akwatin yadda yake ka ɗoro ƙaramar tagar login a kai, ya shiga, ka karɓo sabuwar lambar tsaro ka sake turawa. Kana iya ƙarawa da ɗan saƙon "ina nan" da shafin zai riƙa aika wa sabar duk bayan 'yan mintuna, amma sai in an buga wani abu a tsakanin, don kar tab ɗin da aka manta a buɗe ya riƙe ƙofa har gobe. Gargaɗi kafin wa'adi ya cika shi ma yana da kyau, ƙa'idar WCAG ta sauƙaƙa wa naƙasassu amfani da shafuka ta ce a ba mutum aƙalla sakan 20 ya nemi ƙari, ni zan ba shi minti biyu.

Akwai wani rami da ni kaina na taɓa faɗawa, kuma ya fi 419 muni don shi shiru yake kisa. Na haɗa wani ɗan edita da yake ajiyewa da kansa, a kusurwar sama akwai koren rubutu "an ajiye". Ashe in seshon ya mutu sabar tana karkatar da saƙon zuwa shafin login, fetch ya bi ta can, shafin login ya buɗe lafiya ya dawo da 200, lambar da ke nufin komai ya tafi daidai, kod ɗina ya ga 200 ya kunna kore. Wata baiwar Allah ta yini tana shigar da aiki kore yana ta mata murmushi, washegari babu komai, na kasa haɗa ido da ita. Tun daga ranar ba na yarda da 200 kaɗai, sai sabar ta dawo min da lokacin da ta ajiye da lambar kwafin, shi nake nunawa, "an ajiye 4:12", in bai zo ba rubutun ya koma ja ya faɗi gaskiya.

In ka gama gwada shi da kanka kafin ɗalibai su gwada maka. Buɗe shafin ka rubuta layi goma, danna F12 ka je wajen kuki ka goge na seshon, sannan ka danna miƙawa ka ga abin da zai faru da layukan nan. Sake yi karo na biyu da waya, a tsakiyar rubutu kashe data ka fita ka buɗe kyamara ka dawo.